Wai an gano "gam" ɗin da ke hana cutar kansa yaɗuwa? Jama'a a bi a hankali

Wani bidiyo ne ake ta turawa a WhatsApp kwanan nan. Mutum ne cikin farar riga irin ta likitoci, riƙe da kwalbar kafso, yana bayani cikin natsuwa cewa masana sun gano dalilin da ya sa kansa take yaɗuwa a jiki, wai akwai wani gam da ke manne ƙwayoyin sel da junansu, sunansa E-kadherin, idan ya ƙare sai sel ɗin kansa su ɓalle su bazu, kuma wai wannan kafso nasa da aka tatso daga wani tsiro yana dawo da gam ɗin. Har hoton takardar bincike ya nuna a gefen allo don kada a ce shi ya ƙirƙira.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ba ƙarya ce zalla ba. E-kadherin gaskiya ne akwai shi, kuma gaskiya ne yana da hannu a kansa. Da ƙarya ce tsagwaronta da sauƙi, sai a ce wa mutane ƙarya ce a wuce wurin. Amma mutumin ya ɗauki rabin gaskiya ya naɗe hajarsa da ita.

Ni dai ga inda na tsaya: duk wanda ya ce maka akwai furotin guda ɗaya wanda in an ƙara shi kansa za ta tsaya, in ya ragu ta bazu, to ko dai bai fahimci abin ba, ko kuma aljihunka yake hari. Kuma masu turawa gaba ba tare da bincike ba, da 'yan jaridar da ke rubuta "an gano makullin kansa" duk lokacin da wani lab ya fitar da sakamako, su ma suna da nasu kason na laifi.

Me furotin ɗin yake yi a zahiri?

A takaice. Fatarmu da shimfiɗar da ke cikin hanji da tumbi da bututun nono duk sel ne jere a manne da juna, kuma yawancin kansa daga irin wannan shimfiɗa take tasowa. Wani masani ɗan Japan, Masatoshi Takeichi, ya nuna a 1977 cewa akwai wata hanyar mannewa da ba ta aiki sai da sinadarin kalshiyam, in ka cire kalshiyam sel su rabu, in ka mayar su sake haɗuwa. Daga nan aka gano dangin furotin ɗin da ake kira kadherin. E-kadherin ɗaya ne daga cikinsu, ƙwayar gadon da ke ƙera shi kuma ana kiranta CDH1.

To amma ga abin da mai bidiyo bai faɗa ba. Wannan furotin, kan nasa yana waje yana riƙe da na sel maƙwabci, wutsiyarsa kuma tana cikin sel, kuma a jikin wutsiyar nan akwai wani furotin daban da ake kira beta-katenin. Shi beta-katenin kamar ɗan aike ne da aka zaunar a bakin ƙofa, muddin yana zaune a nan ba ruwansa da kowa, amma in ya samu sarari ya taru da yawa sai ya shige can tsakiyar sel inda DNA yake, ya kai saƙon cewa a fara rarrabuwa, ya kunna ƙwayoyin gado irin su MYC da ke sa sel ya hayayyafa. Wato mannewar da sel ya yi da maƙwabcinsa ita kanta labari ce da ake kai wa ciki: akwai mutane kewaye da kai, wuri ya cika, ka dakata. Tun shekarun 1950 Michael Abercrombie a Landan ya lura cewa lafiyayyun sel in sun taɓa juna a farantin gwaji sukan ja birki, na kansa kuwa hawa kan juna suke yi.

Kuma ba wannan hanya kaɗai ba ce. E-kadherin yana taɓa hanyar da ake kira Hippo mai kula da girman gaɓoɓi, yana kuma rage kaifin EGFR wanda ke karɓar saƙon girma daga waje. Ko shi beta-katenin ɗin ma, sakinsa daga ƙofa kawai bai isa ya jawo masifa ba, domin akwai wata tawagar furotin da aikinta ke nan ta kama wanda ya ɓalle ta lalata shi, APC yana cikinsu. Shi ya sa a kansar babban hanji, kusan kashi 80 cikin 100 matsalar daga lalacewar APC take farawa, ko da gam ɗin yana nan daram.

Kun ga tun daga nan maganar "gam ya ƙare, a ƙara gam" ta fara tangal-tangal.

"Amma ai a mujallar kimiyya aka buga"

Wannan ita ce hujjar farko da za a kawo maka, kuma ba na raina ta. E, akwai takardu, ba ɗaya ba ba biyu ba, masu nuna cewa an zuba sinadarin wani tsiro a kan sel ɗin kansa a faranti sai E-kadherin ya ƙaru, sel suka rage yawo. Ban ce masu binciken ƙarya suka yi ba.

Sai dai faranti daban jikin mutum daban. A faranti kana zuba sinadari kai tsaye a kan sel, da ƙarfin da ka ga dama. A jiki kuwa sai abin ya bi ta hanji, hanta ta tace shi, ƙoda ta fitar da wani, ɗan abin da ya rage ne zai isa wurin ƙarin, in ma ya isa. Ko magungunan da manyan kamfanoni suka kashe shekaru suna gyarawa, suka wuce faranti suka wuce ɓeraye har suka kai ga gwaji a jikin mutane, a fannin kansa ko ɗaya cikin goma ba ya kaiwa ga amincewa. To ina ga kafson da ko ɓera bai gani ba?

Amma bari mu yi wa mai bidiyo adalci fiye da yadda ya cancanta, mu ɗauka kafson nasa da gaske yana ƙara E-kadherin a cikin ƙarin da ke jikin mara lafiya. Shin hakan alheri ne?

A nan ne labarin ya ɗauki zafi. Shekara da shekaru abin da ake koyarwa shi ne sel ɗin kansa yakan kashe E-kadherin, ya saki maƙwabtansa, ya canza siffa ya kama hanya. A shekarar 2000 ma an nuna yadda wani furotin mai suna Snail yake toshe ƙwayar gadon. Duk wannan gaskiya ne. Sai ga shi a 2019 tawagar Andrew Ewald a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta fitar da sakamako a mujallar Nature da ya sa mutane da yawa suka sake zama. Sun cire E-kadherin daga sel ɗin kansar mama irin wadda ta fi yawa, ta bututun nono, a jikin ɓeraye. Sel ɗin sun ƙara kutsawa cikin naman da ke kewaye da su kamar yadda aka zata, amma da suka shiga jini mutuwa suka yi ta yi, kuma yaɗuwar cutar zuwa huhu raguwa ta yi sosai. Waɗanda suka riƙe E-kadherin ɗinsu su ne suka tsira a hanya suka kafa sabon ƙari a can nesa.

Ga kuma wani abu da ya yi daidai da wannan. A 2014 an nuna cewa sel ɗin kansa da ke yawo a jini a dunƙule, manne da juna, sun fi wanda ke tafiya shi kaɗai iya kafa sabon ƙari nesa ba kusa ba, ninki ashirin da wani abu zuwa hamsin. Sannan akwai wata muguwar kansar mama mai sa nono ya yi ja ya kumbura ya yi zafi, tana cikin mafiya saurin kisa, kuma ita E-kadherin ɗinta yana nan cike, ba ta rasa shi ba.

To yanzu ka faɗa min, matar da ke ɗauke da irin wannan ciwo, in ka ba ta abin da zai ƙara mata wannan furotin, taimakonta ka yi ko taimakon cutar? Furotin ɗaya ne, a wani mataki yana hana sel ɓallewa, a wani matakin yana raka shi lafiya har inda za shi. Wanda bai san irin kansar da ke jikinka ba, bai san matakin da take ba, bai taɓa ganin samfurin namanka ba, ta yaya zai san wane ɓangare zai taɓa?

"Ai na tsiro ne, in bai yi magani ba ba zai cutar ba"

Wannan maganar na gaji da jin ta wallahi.

A 1994 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Finlan, maza masu shan taba kusan 29,000, an ba wasunsu ƙwayar beta-karotin, sinadarin da ake samu a karas, saboda duk alamu a lokacin sun nuna zai kare su daga kansar huhu. Waɗanda suka sha, kansar huhu ta ƙaru a cikinsu da kusan kashi 18 cikin 100. Wani gwajin makamancinsa a Amurka dakatar da shi aka yi kafin lokaci don abin da aka gani ke nan. Akwai kuma tsiron da Turawa ke sha don damuwa, St John's wort, wanda aka tabbatar yana sa jiki ya yi saurin kawar da wasu magungunan kansa irin su irinotecan da imatinib, mutum yana shan maganinsa na asibiti a kan lokaci amma ƙarfinsa a jini ya ragu bai sani ba.

Babbar illar ma ba a cikin kwalbar take ba, lokaci ne. Kansa tana da mataki-mataki, wanda tiyata za ta iya warkarwa yau, bayan wata shida yana iya wuce nan. Masu bincike a jami'ar Yale sun duba bayanan marasa lafiya a Amurka suka fitar a 2018 cewa waɗanda suka bar maganin asibiti suka koma wa irin waɗannan hanyoyi kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, a kansar mama kuwa ya haura ninki biyar.

"To in haka ne binciken nan duk asarar kuɗi ce"

Akwai masu tsallakawa zuwa wancan gefen, su ce shekara arba'in da wani abu ana nazarin furotin ɗaya har yau ba a gama gane shi ba, gara a kai kuɗin wani wuri. Na fahimci haushinsu, kuma suna da abin nunawa. Wani dangin furotin na mannewa, integirin, wanda ke haɗa sel da shimfiɗar da yake zaune a kai, an yi masa magani mai suna cilengitide, aka sa rai sosai a kansar ƙwaƙwalwa mai tsanani. Aka yi babban gwaji da mutum 545. Waɗanda suka samu maganin, matsakaicin rayuwarsu wata 26.3. Waɗanda ba su samu ba, wata 26.3. Ko ɗigo bai motsa ba. A 2013 aka sanar, aka tattara aka ajiye. Tun kafin nan ma wasu masana a Landan sun nuna a ɓeraye cewa irin wannan magani in ƙarfinsa ya yi ƙasa a jini yana iya ƙara wa ƙari jijiyoyin jini maimakon ya rage.

Shi ma beta-katenin, tunda an san yana tura kansar hanji, me ya hana a toshe shi kawai? Saboda lafiyayyen hanji da shi yake sabunta shimfiɗarsa duk bayan 'yan kwanaki, ƙashi ma yana buƙatarsa. Ka toshe shi gaba ɗaya ka taɓa mai lafiya tare da mara lafiya.

Duk da haka ban yarda asara ba ce, kuma ga dalilina.

Ka je lab ɗin da ake duba samfurin nama a kowane babban asibiti. Likita ya yanko ɗan ƙari daga nono, an yayyanka shi siriri an ɗora a gilashi, an zuba rinin da ke kama E-kadherin. In kansar bututu ce, a ƙarƙashin madubi za ka ga layi ruwan ƙasa ya zagaye kowane sel kamar raga. In kuwa ɗaya nau'in ce, wadda ke tasowa daga inda ake samar da nono, wadda ita ce kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na kansar mama, ragar nan babu ita, sel ɗin sun saki juna suna bin layi ɗaya-ɗaya a cikin nama. Wannan nau'in sau da yawa ba ya yin dunƙulallen ƙullutu da hannu zai ji, hoton nono ma yakan kuskure shi, kuma yakan yaɗu zuwa wuraren da ba a saba ba kamar hanji da shimfiɗar ciki. Sanin wannan bambanci yana canza irin hoton da za a ɗauka da yadda za a tsara tiyata. Kullum ana amfani da wannan ilimi, ba wanda ya yi masa bidiyo.

Sai magunguna. Abin lura shi ne waɗanda suka yi nasara ba su ce za su gyara mannewa ba, amfani suka yi da furotin ɗin a matsayin alamar gane inda kansa take. Nektin-4 furotin ne na mannewa da ke da yawa a jikin sel ɗin kansar mafitsara, sai aka ƙera magani mai suna enfortumab vedotin, wanda ke neman wannan furotin ya liƙe masa ya sauke guba a cikin sel ɗin. An amince da shi a Amurka a 2019, kuma a gwajin da aka fitar a 2023, haɗa shi da wani maganin kansa mai suna pembrolizumab ya kai matsakaicin rayuwa wata 31.5, kemo na da, wato maganin kansa da aka saba bayarwa, kuwa 16.1. Kusan ninki biyu ke nan. Akwai kuma wani furotin na mannewa, kulodin 18.2, wanda a lafiyayyen tumbi yana ɓoye ne a tsakanin sel, sai kansa ta hargitsa tsarin ya fito fili. Maganin zolbetuximab wannan furotin yake hari, Japan da Amurka sun amince da shi a 2024. Ribarsa wata biyu zuwa uku ce a kan kemo kaɗai, ba warkewa ba, kuma haka masu shi suka faɗa, ba su ƙara gishiri ba. Har maganin defactinib, mai toshe wani furotin da ke karɓar saƙo daga integirin, wanda ya faɗi a gwajin kansar shimfiɗar huhu a 2015, ya dawo a 2025 aka amince da shi a haɗe da wani magani don wani nau'i na kansar ƙwan mace. Shekara goma tsakanin faɗuwa da samun gurbin da ya dace da shi.

"Kana kashe wa mutane fata"

Wannan ce ta fi min nauyi, don na san mai ciwo da danginsa duk abin da aka ce zai taimaka za su miƙa hannu, kuma ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Laifin na mai sayarwa ne.

Amma in fata ake nema daga E-kadherin, akwai ta gaske. Wani babban dangi na ƙabilar Mawori a Niyu Zilan sun yi shekara 30 suna binne 'yan uwansu, mutum 25 kansar tumbi ta kashe, mafi ƙanƙanta ɗan shekara 14. Su da kansu suka nemi masana, suka tattara tarihin zuriyarsu, suka ba da jini, suka yi aiki tare da Parry Guilford na jami'ar Otago. A 1998 aka gano cewa wata tawaya ce a CDH1 suke gadar wa juna. Daga baya aka samu irin wannan a dangogi da yawa a faɗin duniya.

Wannan kansa muguwa ce don ba ta yin ƙari a fili, sel ɗin ɗaiɗai suke ɓuya a ƙarƙashin shimfiɗar tumbi, likita ya zura kyamara ya ga komai lafiya lau alhali abin yana nan. Kuma duk da an san ainihin furotin ɗin da ya lalace, an san ƙwayar gadon, har yau babu ƙwayar da za a ba su ta mayar da shi. Abin da ake yi shi ne gwajin jini, wanda bai gaji tawayar ba ya huta da fargaba, wanda ya gada kuma a ba shi shawarar cire tumbin gaba ɗaya tun yana da lafiya, yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 30, a haɗa maƙogwaro da hanji kai tsaye. Daga nan sai cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, da ƙarin bitamin B12 har ƙarshen rayuwa. A mafi yawan tumbin da aka cire aka yayyanka aka duba, an tarar da ƙananan wuraren kansa sun riga sun fara.

Hukuncin ma bai zama mai sauƙi ba har yanzu. Ƙididdigar farko ta ce haɗarin ya kai kusan kashi 70 cikin 100 a maza, daga baya da aka gwada mutane da yawa waɗanda ba su da tarihi mai tsanani a danginsu sai adadin ya sauko sosai, shi ya sa yanzu wasu cibiyoyi ke barin wasu masu tawayar su zaɓi sa ido da kyamara duk shekara, ana ɗaukar samfuri da yawa, maimakon tiyata nan take. Matan da suka gada kuma ana sa musu ido a kan kansar mama, irin waccan mai bin layi ɗaya-ɗaya, da hoton MRI tun daga wajen shekara 30. Likitoci suna ta muhawara a kan wa ya kamata a yi wa tiyata wa ya kamata a jira, kuma su waɗannan dangogi da su ake zama teburin da ake yanke shawarar.